Kaka Gambo a Kasuwar Haruffa

Ku da kuka san kakana Malam Gambo Dillali, kun san bai taɓa sayen abu ba sai ya tambayi asalinsa. Ko buta ce, sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya leƙa bakinta, sannan ya ɗago kai ya ce wa mai kaya, "Wannan 'yar gidan wa ce?" Ƙuruciyarsa da girmansa duk a kara ya ƙarar da su, yana dillancin shanu tsakanin Kiru, Tudun Wada da Doguwa, shi ya sa komai ya gani sai ya nemi ya buɗe masa baki ya duba haƙori. Ni ce Ladidi, 'yar 'yarsa, wadda yake kira Amarya tun ina rarrafe. Ina aiki a asibiti, kuma ni ce Allah ya jarraba da babbar waya a gidan nan. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a kaina aka sauke shi.

Da gwiwa ta fara gaza masa ya bar kara, sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi wata tsohuwar akori-kura fara, ya raɗa mata suna Bunaji, sunan fararen shanun nan. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zagaya ta, ya daka mata duka a baya, ya ɗaga bonet ya ce, "Bari mu ga haƙori." Ta ɗauki masara, ta ɗauki rake, ta ɗauki masu haihuwa da masu zuwa biki. Birkinta sai an fara yi masa magana tun daga nesa, amma dai tana zuwa tana dawowa.

Wata bazara giya ta daina shiga. Aka tura Bunaji gindin mangwaron ƙofar gida, aka ɗora ta a kan duwatsu, Kaka ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta ya mai da wurin ɗakinsa. In kana nemansa, ƙafafunsa za ka fara yi wa sallama. Aka yi shuka, aka yi noman farko, yana nan. Ran nan Kawu Sani, babban ɗansa, ya tsaya a kan ƙafafun nan ya ce, "Baba, in aka fara girbin masara motar nan ba ta tashi ba, wallahi 'yan gwangwan zan kira su yanka ta."

Daga ƙarƙashin mota muryar Kaka ta fito. "Ka fara yanka ni tukuna, sai ka haɗa mu ka ɗora a sikeli."

Kun san Kawu Sani, ba ya rantsuwa sau biyu. Kaka ma ya sani. Washegari ya aika aka kira Habu bakanike daga Tudun Wada. Habu ya leƙa, ya shinshina, ya ce giyabos ya mutu, lagireto yana yoyo, kuma kayan irin wannan mota sun ƙare a ƙasar nan, ko a birni sai an dace. Amma akwai wani zaure a waya inda masu sayar da tsofaffin kayan mota na Kano da Kaduna da Ikko suke zuba hotuna. Kafin in ce uffan ya karɓi wayata ya jefa lambata a ciki. Har yau ban gama yafe masa ba.

Da yamma Kaka ya sa tabaransa mai ɗaure da zare, ya miƙa wayar can nesa da fuskarsa. Hotunan ƙarafa ne jibge a ƙasa, kowanne da 'yan haruffa a gindinsa.

"Karanta mini, Amarya."

Na karanta. "LH. N/U. M/T."

"To fassara."

Na ce, "Kaka, wannan ba Turancin makaranta ba ne, guntayen haruffa ne na 'yan kasuwa. Bari in rubuta in tambaye su."

Caraf ya riƙe mini wuyan hannu. Tsohon nan da ƙarfi, sai da na ji a ƙashi.

"Kul. Ashe har yanzu ba ki yi hankali ba. Wa ya ce miki ana tambaya a kara? Duk wanda ya shigo ya nuna kunnen saniya ya ce wannan tsagar ta mece ce, to ya yi shela shi baƙo ne, kuma kuɗin baƙo daban yake. Ni da bakin nan na sha ƙara wa irinsu. Haruffan nan shaidar kunne ce, kowane garke da tasa. Ido za mu zuba har mu gane gidajensu."

Na ce, "Kaka, mutanen nan ba sa ganinmu."

Ya ce, "Shi ya fi hatsari."

Tambayar malami kuwa a wurinsa ba tambayar kasuwa ba ce, don haka ya kwashi wayata ya kai wa Malam Ado mai makarantar allo. Malam ya duba, ya matso da ita, ya nesanta, ya ce, "Malam Gambo, wanda ya rubuta wannan a babbaƙu ya tsaya, bai shiga farfaru ba. Baƙi ne tsirara babu wasali. Ka turo mini shi in ƙarasa masa." Kaka ya dawo gida yana murna, wai ko malamai abin bai buɗe musu ba, balle ni mai ba yara allurar rigakafi.

Ni kuwa haƙurina gajere ne, kun sani. Na zagaya na kira Habu, ya warware mini su tas a tsaye. Na zo da ɗokina na zayyana wa Kaka. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Habu."

"Habu yana da la'ada a ciki."

"Haba Kaka, la'adar me? Haruffa fa ya fassara."

"Amarya, na ci la'ada daga mai saye, na ci daga mai sayarwa, na ci daga wanda ya zo kallo. Na san ƙamshinta. Duk wanda ya ba ka fassara kyauta, ka laluba aljihunka."

To da haka muka shiga kasuwa, ni na sani ba a yarda da ni ba, shi bai sani ba kuma shi ke da kuɗin.

Mai hankali da giyabos zai fara, tunda shi ya kwantar da mota. Kaka ya ce a'a, ƙofa tukuna. Ƙofar direba ta daɗe da lalacewa, da igiya ake ɗaure ta, kullum ta gefen fasinja yake shiga ya tsallaka. Wai dabba ba ta tashi sai an fara mayar mata da mutuncinta. Muka sami ƙofofi biyu farare a zauren, ɗaya LH, ɗaya RH. Wannan kam ko ba Habu na sani, don kullum ina ganin L da R a hoton ƙirji a asibiti. Na ce L hagu, R dama, kuma direba a hagu yake zama, saboda haka LH za mu saya.

Bai yi musu da hagu da dama ba. Tashi ya yi ya ja ni zuwa gindin mangwaro, ya tsaya a gaban Bunaji ido cikin ido, yadda ya saba tsayawa gaban bijimi. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar direba.

"Wannan wane hannu ne na ɗaga?"

"Dama. Amma Kaka, daga ciki ake lissafi, kana zaune kana kallon hanya."

"Daga ciki? Kin taɓa ganin wanda ya shiga cikin saniya ya zauna sannan ya taya ta? Mai saye a gaba yake tsayawa. Mu masu saye ne. Rubuta musu dama."

Na yi magiya, na yi fushi, na ce ba zan rubuta ba. Ya ce in ban rubuta ba ya sake ni saki uku, ya auro wadda ta fi ni waya. Na rubuta. Ran kasuwa direban bas ya sauke mana ƙofa a bakin titi, fes da ita, har gilashinta yana hawa yana sauka. Habu ya ɗaga ta ya kara a gefen direba, mariƙin yana gaba, maƙalan suna baya. Ya juya ta, ta koma ƙafa sama. Ya dubi Kaka. Kaka ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ƙofa lafiyarta ƙalau. Motar ce aka ajiye ta a juye."

Mayarwa kuwa babu, wai dillali ba ya mai da dabba bayan an sallama. Ƙofar nan ita ce yanzu a bakin akurkin kajin gidanmu. In ana zafi ana sauke musu gilashi, in hadari ya taso a ɗaga.

Sai lagireto. A nan ne ya fito da wata doka da ban taɓa ji ba. Ya ce kayan mota iri biyu ne, akwai na yanka akwai na mushe. Motar da ta tsufa aka kwance ta da ranta, kayanta halal ne. Wadda ta mutu a hatsari kuwa mushe ce, ba zai sa wa Bunaji namanta ba. Muka ga lagireto biyu, ɗaya F/U, ɗaya N/U. Na ce masa F/U wanda aka yi amfani da shi a Turai ne, ɗan Beljiyam, kusan sabo. N/U kuwa wanda ya sha wuyar hanyoyinmu ne har ya gaji. Ya ce shi ya riga ya gano, gidan F da gidan N garke biyu ne, saura ya ji tarbiyyarsu. Ya sa na kira mai kayan, ya karɓi wayar.

"Salamu alaikum. Yaro, wannan na gidan F ɗin, uwarsa mutuwa ta yi ko yanka ta aka yi?"

Mutumin ya ce, "Baba, kayan mota nake sayarwa."

"Na sani. Motar da aka ciro shi, yaya aka yi ta rabu da shi?"

"To, a kwantena ya zo. Mai yiwuwa ta yi karo ne a can ƙasarsu."

"Ka san mai ita?"

"Ina zan san shi, Baba?"

"Ka san wanda ya kwance ta?"

"A'a."

"To na gidan N fa?"

Nan bakin mutumin ya buɗe. Ya ce wannan kam ya san ta, motar haya ce, ta yi shekaru tana jigila a hanyar Doguwa, mai ita ya gaji ya kawo suka kwance ta a gabansa. Kaka ya rufe bakin wayar da tafinsa ya raɗa mini, "Kin ji 'yar mutunci." Ya taya. Mutumin ya ce farashi ɗaya ne, yana rubuce. Kaka ya jira a ce masa albarka ya ƙara, ba a ce ba. Ya sake tayawa ƙasa da na farko don ya tsokano shi, mutumin ya ce katinsa ne ko na Baba ke ƙonewa. Ranar Kaka ya yini yana cewa ciniki ya mutu a duniya.

Na gidan N ɗin ya saya, lagireto ya iso. Habu ya ɗura masa ruwa don gwaji, ruwan ya fito ta ko'ina, ya jiƙa masa wando har gwiwa. Namu na da wuri ɗaya yake yoyo. Na riƙe ƙugu na ce, "To ango, ga 'yar mutuncinka."

Ya ce, "Yoyo kowa yana yi in ya tsufa. Mu dai mun san gidansu."

Sai da Habu ya yini yana liƙe shi da dalma.

Muna wannan shirme masara tana can tana aikinta. Ta yi goyo, gemunta ya fara bushewa. Kawu Sani kuwa in zai wuce sai ya dubi gona ya dubi mota. Kaka yana da bijimi ɗaya da ya rage masa, yana kiwo a rugar wani tsohon amininsa wajen Ɗansoshiya. Shi ne na ƙarshe cikin duk abin da ya taɓa mallaka mai ƙaho. Ya hau acaɓa ya je da kansa, ya sayar, ya dawo da kuɗin giyabos a lalitarsa. Bai yi wa kowa hira a kan cinikin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Giyabos biyu ne a zauren da suka yi kama da namu. Ɗaya M/T, ɗaya A/T. Na zauna a gabansa na tattara duk ladabin da nake da shi. Na ce, "Kaka, don girman Allah ka saurare ni. M/T shi ne na hannu, irin na Bunaji, mai sanda da kuloci. A/T na motocin zamani ne masu canja giya da kansu."

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi.

"Mota ta canja giya da kanta? To direban me zai yi, gyangyaɗi? Amarya, Habu ya gama raina miki hankali."

"Wallahi akwai su, Kaka. Likitanmu irinta yake hawa."

"Likitanku yana ɓoye hannunsa ne. Dubi nan." Ya dangwala yatsa a hoton. "Wannan na gidan M, dubi haƙarƙarinsa a waje, an yi masa rowar abinci. Dubi na gidan A. Dubi ƙirji. Dubi tozo. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wane mahaukaci ne zai bar mai ƙiba ya ɗauki ramamme?"

Na ce wannan karon ko saki dubu zai yi ba zan tura ba. Na ɗauke wayata na tafi aiki ina huci. Ashe tsohon nan tun jiya ya sa an kwafe masa lambar mai kayan a bayan kwalin ashana. Ya tafi wurin mai tura kuɗi na bakin tasha, ya gama komai, ya dawo ya kwanta a ƙarƙashin mota kamar ba shi ba.

Da kayan ya iso sai da ƙarti suka kama aka sauke shi. Maƙwabta suka taru. Kaka yana zagaya shi yana shafawa. Habu ya durƙusa, ya juya shi, ya sake juyawa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago muryarsa a ƙasa take.

"Baba, ina zan sa sandar giya?"

"Inda ake sa ta."

"Babu wurin. Ba a yi shi da wurin ba. Ko kusoshinsa ba su hau na injinmu ba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, na ga fuskarsa, na haɗiye. Mai kayan da aka kira ya ce abin da aka zaɓa shi ya aiko, kuma gaskiyarsa ce.

Kwana kaɗan bayan haka wani ɗan gwangwan ya zo a kan babur. Ko Kawu ne ya kira shi, ko labari ne ya kai masa, ban sani ba. Ya sauka ya zagaya Bunaji a hankali, hannu a baya. Ya ƙwanƙwasa nan, ya taɓa can da ƙafa, ya taɓe baki, ya yi kamar zai tafi, ya dawo. Kaka yana zaune a dakali yana kallonsa. Ya san wannan zagayen, shi ya sha yi wa dabbobin mutane a gaban masu su. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Da safe ina shirin fita ya kira ni. Ba Amarya ya ce ba, Ladidi ya ce.

"Zo ki danna mini abin nan da ake magana kowa ya ji."

Na danna na kara masa a baki. Ya gyara zama, ya gyara hula, sai ka ce suna ganinsa.

"Salamu alaikum mutanen wannan kasuwa. Sunana Gambo, daga ƙasar Kiru. Na yi dillanci tun ba a haifi iyayen wasunku ba, amma a nan ni baƙo ne. Ban san haruffanku ba. Na sayi wani ƙato na gidan A da T, lafiyayye, mai ƙirji da tozo, ba shi da aibu ko ɗaya, sai dai jininsa bai haɗu da na motata ba. In aka fara girbi ban ta da ita ba, yanka ta za a yi, kuma ba ni da sauran abin sayarwa. Ku gaya mini wanda ya kamata in nema. In kuɗin baƙo za ku ƙara mini, ku ƙara, na yarda."

Na saki, saƙon ya tafi. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa cewa ban sani ba a cikin kasuwa, yau ya faɗa a gaban mutanen da ko fuskarsu bai gani ba. Ni da nake ta jiran ranar da zai sauko, da ta zo sai na ji ba na so.

Kafin in kai bakin titi wayar ta fara kuka, ba ta tsaya ba. Na fasa zuwa aiki na dawo. Wasu dariya suke har da tari, wasu suna cewa a sake sa musu Baba mai tozo. Wani Inyamuri daga Ikko ya yi sallama da gurguwar Hausarsa ya ce a aiko hoton injin. Wani ya zauna ya karanto haruffan nan ɗaya bayan ɗaya da ma'anarsu, tiryan-tiryan yadda Habu ya faɗa. Kaka ya saurara ya ce, "Ikon Allah. Yaron nan Habu har Ikko la'adarsa ta kai."

Can sai wani daga Kaduna ya kira. Ya ce yana da mai neman irin wanda muka saya ido rufe, shi kuma yana da na hannu a ajiye yana shan ƙura. A yi musaya, kowa ya biya kuɗin motar nasa. Kaka ya karɓi wayar.

"Nawa zan cika?"

"Ba ciko, Baba."

"Na ce maka ni baƙo ne."

"Na ji, Baba. Ba ciko."

Ya miƙo mini wayar. Na zaci godiya yake haɗawa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kasuwar da ake gaya wa baƙo gaskiya ba za ta daɗe ba. Mu yi sauri kafin ta watse."

Ramammen giyabos ya zo, ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Ranar da aka fara karya masara a gonar Kawu Sani, ana cikin aiki sai aka ji wani tari da atishawa daga kan hanya, ga hayaƙi ya turnuƙe. Bunaji ce. Kaka ya shigo da ita har tsakiyar gona, ya danna ham, ya tsallaka ta gefen fasinja ya fito, don ƙofar direba tana nan da igiyarta. Ya ce ba zai sayi ƙofa biyu a shekara ɗaya ba, shi ba gwamnati ba ne. Ya dubi Kawu ya ce, "Ina 'yan gwangwan ɗin naka? Kira su su taya mu lodi." Kawu ya juya baya yana gyara bakin buhu, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Masarar shekarar nan kaf Bunaji ce ta kai ta kasuwar Tudun Wada, kuma Kaka bai rage wa ɗansa ko kwabo a kuɗin mota ba.

Da bazara ta zagayo ya kwanta, ciwon 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Kun zo, kun yi mana ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar rabon gado. Gonaki an raba, gida an raba, aka zo kan mota. Ba ta rabuwa, kuma ba mai sayenta a dunƙule. Aka ce a kwance ta a sayar gunduwa-gunduwa, ya fi kawo kuɗi, a raba wa magada. Sai duk aka juyo ana kallona, wai ni ce na iya yaren.

Na zauna a dakalinsa na fara rubutawa. Inji, N/U. Giyabos, M/T. Ƙofa RH guda biyu, ɗaya tana jikin akurki. A nan na yi dariya, daga dariyar kuma abin ya juye. Shekarun da ya yi yana zagaya ta, da bijiminsa, da ranar da ya ce shi baƙo ne, duk ga su sun koma 'yan haruffan da ba su cika layi biyu ba. Na iya karanta kowanne, kuma a ranar na yi da-na-sanin iyawa. Yatsana yana kan wurin turawa na kasa dannawa.

Sai na ji Kawu Sani a kaina ya ce, "Goge."

Ya juya wurin malaman da ke rabo ya ce a cire fadamar da ta faɗo a kasonsa a raba wa sauran, shi a bar masa motar. Kowa ya san fadamar nan ta fi motar daraja nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san Kawu ko keke a tsorace yake hawa.

Na ce, "Kawu, ai kai ne ka rantse za ka kira masu yanka."

Ya ce, "Ni ne. Kullum na fito na ga ƙafafunsa a ƙarƙashinta, ita kuma a kan duwatsun nan, sai gabana ya faɗi. Na ce gara ya yi fushi da ni da in jawo shi a danne." Ya ɗora hannu a bayanta ya daɗe. "Yanzu ba wanda za ta danne. Ku bar ta inda take."

Allah ka jiƙan Kaka Gambo. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa ƙasa. Ka ba Kawu haƙuri, don duk cikinmu shi ya fi buƙata. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.